Kewaye Bakin Teku a Kan Keke: Cape Town, Zanzibar ko Gambiya ga Mahayin Kano?

Mutumin Kano da ya saba hawan keken tsere, wanda yake iya fita bayan sallar Asuba ya je Wudil ya dawo kafin rana ta take, ba ya rasa ranar da zai yi sha'awar wata hanya dabam, musamman irin wadda take bin gaɓar teku, mai kwalta mai kyau da rana mai haske, wadda za a tashi daga wuri guda a kewaya a dawo inda aka tashi ba tare da an maimaita hanya ba. Abin da nake nufi da matsakaicin zagaye shi ne tafiyar kilomita 55 zuwa 100, wadda mai matsakaicin ƙarfi zai gama a cikin sa'o'i uku zuwa biyar, ya koma masauki ya yi wanka ya yi sallar Azahar a kan lokaci. A nahiyar Afirka akwai wurare uku da suka cancanci a auna su ga wanda zai tashi daga Kano: zirin ƙasar da ke kudu da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, da kudancin tsibirin Unguja na Zanzibar a Tanzaniya, da kuma gaɓar tekun Gambiya. Dukkansu a hoto kusan iri ɗaya ne, ruwa shuɗi da farin yashi, amma a kan sirdin keke kowanne da irin wahalar da yake ɗora wa mutum.

Kafin a duba su, ya kamata a fara duba abin da Kano ta koya wa mahayinta da abin da ba ta koya masa ba. Ta koya masa juriyar nisa, domin hanyoyinmu miƙaƙƙu ne, kuma zuwa Wudil da dawowa kaɗai ya haura kilomita 80. Ta koya masa zafi, domin wanda ya yi hawa a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake kaiwa 40, ba zai ji tsoron rana a wani wuri ba. Ta kuma koya masa zama da manyan motoci da A Daidaita Sahu da ramukan titi. Abin da ba ta koya masa ba shi ne doguwar hawa da doguwar gangara, tunda in ban da Dala da Gwauron Dutse, waɗanda ba da keke ake hawansu ba, babban tudun da yawancinmu muka sani shi ne gadar sama. Haka nan zafinmu busasshe ne a mafi yawan shekara, gumi yana fita yana bushewa nan take, jiki yana samun sanyi, in ban da tsakiyar damina. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce wane wuri ya fi kyau ba, a'a, wane ne daga cikin tudu da iska da damshi mutum ya shirya ɗauka, kuma a wane wata zai samu sukunin tafiya. A ganina watan tafiya shi ne yake yanke fiye da rabin hukuncin.

Cape Town ita ce ta fi suna a duniyar masu keke, kuma ba a banza ba. Tun shekarar 1978 ake gudanar da tseren Cape Town Cycle Tour, galibi a watan Maris, mai nisan kilomita 109, wanda yakan tara mahaya har kusan 35,000, kuma ana ɗaukarsa a matsayin tseren keke mafi girma a duniya da ake auna wa kowane mahayi lokacinsa. Hanyar tana tashi daga cikin gari ta gangara kudu zuwa Muizenberg, ta bi gaɓar False Bay ta Kalk Bay da Fish Hoek da Simon's Town, ta haura Smitswinkel kusa da ƙofar shiga gandun Cape Point, ta tsallaka zuwa gaɓar Atlantika ta Scarborough, sannan ta juyo arewa ta Noordhoek da Chapman's Peak da Hout Bay da Camps Bay har ta dawo gari. Jimillar hawan da ke cikinta ya haura mita 1,000. Wannan ba matsakaicin zagaye ba ne ga mutumin Kano, ko da nisan bai tsorata shi ba, domin tudun da ake kira Suikerbossie, wanda yake fita daga Hout Bay, yana zuwa ne bayan an ci fiye da kilomita 90, lokacin da cinyoyi suka riga suka gaji. Bugu da ƙari, wani sashe na hanyar tseren babbar hanyar mota ce da ake rufewa domin ranar tseren kaɗai, a sauran ranaku keke ba ya binta.

Abin da ya fi dacewa shi ne rabin kudu na wannan hanya. A tashi daga Fish Hoek, a bi bakin ruwa zuwa Simon's Town, a wuce Boulders inda tsuntsayen fengwin suke, a haura Smitswinkel, a gangara Scarborough da Misty Cliffs, a kewaya ta Kommetjie a dawo Fish Hoek, abin da zai kama kimanin kilomita 55 zuwa 60. A wannan zagayen teku tana kusa da mahayi a mafi yawan tafiyar, kuma da yake a hagu ake tuƙi a ƙasar, wanda ya fara da nufar kudu zai samu ruwan yana hannunsa na hagu tun daga farko har ya juyo, babu layin motoci tsakaninsa da shi. Wanda ya ji da sauran ƙarfi yana iya ƙarawa da Chapman's Peak daga ɓangaren Noordhoek. Hanya ce mai tsawon kilomita 9 da kwana 114, wadda aka sassaƙa a jikin dutse tsakanin 1915 da 1922, teku tana can ƙasa, dutse yana tsaye a sama. An rufe ta a farkon shekarar 2000 bayan faɗowar duwatsu ta yi sanadin rai, ba a sake buɗe ta ba sai ƙarshen 2003 bayan an sanya ragar tare duwatsu da rumfunan kankare, kuma har yau akan rufe ta idan yanayi ya ɓaci. Babu wata hanya a Zanzibar ko Gambiya da za a kwatanta da ita wajen kyan gani, wannan kam ba abin jayayya ba ne.

Amma tudu ba shi ne babban abokin gaba a Cape Town ba, iska ce. Daga kusan watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wato lokacin zafinsu, akwai iska mai ƙarfi da take busowa daga kudu maso gabas, wadda mutanen garin suke kira Cape Doctor, kuma takan yi kwanaki ba ta lafa ba. A shekarar 2017 an soke tseren gaba ɗaya da safiyar ranar, kuma babban dalili shi ne iskar da take kayar da mahaya tun a wurin tashi. Wanda ya san iskar hunturu a hanyar Gezawa ya san wani abu game da tuƙa keke iska tana turo shi baya, amma ta Cape tana da wani hali da tamu ba ta da shi, wato takan faɗo daga kan dutse ba zato, ta bugi keke ta gefe a daidai kwana, a kan gangara. Keken tsere mara nauyi, da mahayin da bai saba gangara mai tsawo ba, da iskar gefe, haɗuwa ce da ta fi ƙarfin a yi mata sakaci. Sauƙin da ke ciki shi ne idan aka bi zagayen kamar yadda na bayyana, ana fuskantar iskar ne a rabin farko, lokacin da ƙarfi yake nan, sannan ta koma tana tura mutum a hanyar dawowa. Zafin kansa ba abin damuwa ba ne ga ɗan Kano, domin a tsakiyar bazararsu ma yakan tsaya ne a wajen 26 ko 27 a yawancin ranaku, kuma busasshe ne kamar namu. Abin da zai ba shi mamaki shi ne sanyin safiya a gaɓar Atlantika, inda ruwan yake da sanyi ƙwarai, har mutum ya bukaci 'yar rigar tare iska.

Akwai abubuwa biyu kuma da bai kamata a ɓoye ba. Na farko, an sha samun rahoton tare masu keke a ƙwace musu keke da waya a wasu sassan hanyoyin birnin, don haka baƙo ba ya fita shi kaɗai da duku-duku, sai ya bi ayarin mahayan gari, waɗanda suke da yawa kuma suke fita kusan kullum. Na biyu, gwaggon biri yana yawo a kan titi a yankin Smitswinkel da Scarborough, kuma ya san cewa aljihun mahayi yana ɗauke da abinci, saboda haka ba a nan ake tsayawa a ɓare ayaba ba. A ɗaya ɓangaren, dokar ƙasar ta wajabta sanya hular kwano ga mai keke, kuma dokar lardin ta ce mota ta bar tazarar aƙalla mita ɗaya idan za ta wuce shi. Ba kowane direba yake kiyayewa ba, amma wanda ya saba da yadda ake matse mai keke a Hotoro ko Kurna zai ga bambanci.

Zanzibar kuwa kusan kishiyar wannan ce. Tsibirin Unguja tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, kuma wuri mafi tudu a cikinsa bai kai mita 150 ba, yankin kudu ma ya fi ko'ina shimfiɗuwa. Zagayen da ya fi dacewa yana tashi daga Paje a gaɓar gabas, ya gangara Jambiani da Makunduchi, ya juya yamma zuwa Kizimkazi, ya hauro arewa zuwa mahaɗar Kitogani kusa da dajin Jozani, sannan ya koma Paje, kimanin kilomita 70. Motoci ba su da yawa a wannan yanki idan aka kwatanta da hanyoyin da suke fita daga birnin Zanzibar, sai dai motocin haya da ake kira daladala da motocin kai baƙi otal, waɗanda wasunsu suke gudu fiye da kima. A cikin ƙauyuka akwai tudun rage gudu da yawa, da awaki da kaji da yara 'yan makaranta, abubuwan da ba baƙi ba ne a wurinmu. Ga Musulmi, hanyar tana da wani armashi na musamman, domin a Kizimkazi Dimbani akwai masallacin da rubutun da ke jikin mihrabinsa ya nuna shekarar 500 ta Hijira, daidai da 1107, yana cikin mafi daɗewa a gabashin Afirka. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, babu tambayar halasci a kan abinci, babu neman wurin sallah, kowane ƙauye da masallacinsa da ruwan alwala.

Sai dai akwai abin da masu tallan yawon buɗe ido ba sa faɗa. Kwaltar ba a bakin ruwa take ba. A mafi yawan tafiyar tana bin bayan ƙauyuka da otal-otal, tsakaninta da teku akwai 'yan ɗaruruwan mita ko fiye, kuma abin da mahayi yake gani shi ne gajerun itatuwa da suka tsiro a kan busasshen dutsen murjani, babu inuwa ta kirki. In yana son ganin teku sai ya ratse ta 'yar hanyar yashi da tsakuwa, wadda siririyar tayar keken tsere ba ta so. Hotunan da ake nunawa na masu keke a kan farin yashi, ruwa yana gefensu, ana ɗaukarsu ne idan teku ta janye, a kan keke mai faffaɗar taya, kuma wannan wani wasa ne dabam, mai daɗi, amma ba hawan titi ba ne. Wanda burinsa shi ne ya yi sa'a uku yana taka feda teku tana gabansa zai ji an rage masa wani abu a Zanzibar.

Wahalar Zanzibar ta gaskiya ita ce damshin iska. Daga Disamba zuwa Maris zafi yakan kai 32 ko 33, adadin da ɗan Kano zai raina idan ya gani a waya, amma iskar cike take da ruwa, gumi yana zuba ba ya bushewa, jiki ba ya samun hanyar huce kansa, mutum yana ji kamar an ɗora shi a kan madambaci. Bugun zuciya yana hawa ko da hanya a shimfiɗe take, kuma ruwan gora biyu da yake isar mutum zuwa Wudil da hunturu ba zai kai shi Makunduchi da Kizimkazi ba. Abin da yake taimako shi ne ruwan ɗanyar kwakwa da ake sayarwa a bakin hanya, da ɗan gishiri a cikin abin sha, da fita tun gari bai gama wayewa ba. Daga Yuni zuwa Satumba yanayin yakan sassauta, zafi ya sauka zuwa wajen 28 ko 29, iskar da suke kira kusi tana busowa daga kudu. Ba ta kai ta Cape ƙarfi ba, amma tana da naci. Ba banza ba Paje ta zama matattarar masu wasan zamiya a kan ruwa da lemar da iska take ja. Nan ma dabarar ita ce a fara da nufar kudu a fuskanci iskar, a dawo tana bayan mutum. Daga Maris zuwa Mayu ana ruwan sama mai yawa da suke kira masika, kuma ba lokacin keke ba ne. Wanda zai yi alkawari da ɗan jagora ya tabbatar da irin agogon da ake nufi, domin a lissafin Sawahili ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya.

Gambiya ba ta da sunan waɗannan biyun a wurin masu keke, kuma ba na jin za ta yi, amma tana da abubuwan da suka sa ba za a tsallake ta ba. A dama ake tuƙi kamar a Najeriya, Turanci ne harshen gwamnati, mafi yawan jama'a Musulmi ne, kuma da yake tana cikin ECOWAS ɗan Najeriya ba ya bukatar biza. Hanyar gaɓar teku tana tashi daga yankin Kololi ta bi Brufut da Tanji da Tujereng da Sanyang da Gunjur har Kartong, inda kogin Allahein ya raba ƙasar da yankin Kasamance na Senegal. Daga Gunjur akwai hanyar da ta shiga ciki zuwa Brikama, daga can a biyo ta Yundum, wajen filin jirgin sama, a dawo Brusubi da Kololi. Zagayen yana kama kimanin kilomita 80, idan aka ƙara zuwa Kartong da dawowa ya doshi 100. Ƙasar a shimfiɗe take. An faɗaɗa babbar hanyar Bertil Harding gabanin taron ƙolin ƙungiyar ƙasashen Musulmi da aka yi a Banjul a watan Mayun 2024, abin da ya gyara kwalta amma ya ƙara wa motoci gudu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yanayin gaɓar Gambiya shi ne mafi kusa da abin da jikinmu ya sani, tunda kusan a layi ɗaya take da Kano daga tsakiyar duniya kuma hunturu yana isa can, sai dai teku tana rage masa kaifi da ƙura. Matsalarta ita ce rabin dawowa. Hanyar Brikama tana da cunkoson motocin haya da manyan motoci, yashi yana cin gefen kwalta, teku ta yi nisa, rana ta ɗaga, kuma iskar rani da galibi take fitowa daga arewa tana gaban mutum. A nan ba a samun sa'ar da ake samu a sauran biyun, ta fuskantar iska da safe a huta da ita da hantsi. Mutane da yawa za su fi jin daɗin su je Kartong su dawo ta hanyar da suka bi, ko da hakan ya ɓata sunan zagaye. A Tanji kuwa, inda ake sauke kifi ana banda shi a bakin ruwa, titi yakan cika da mutane da kura da hayaƙi har sai an sauka an tura keke, kuma a ganina wannan tsayawar tana cikin abin da ya fi daɗi a hanyar, musamman ga wanda bai taɓa ganin jiragen kamun kifi masu fenti suna fitowa daga Atlantika ba.

Idan aka jera watanni, sai a ga wuraren uku ba sa gogayya da juna kamar yadda ake zato. Wanda hutunsa yake faɗowa a ƙarshen Disamba ko Janairu, yana gudun ƙurar hunturu, zai tarar da Cape Town a tsakiyar iska da tsadar masauki, Zanzibar a tsakiyar zafi, Gambiya kuwa a mafi kyawun lokacinta. Wanda yake jiran dogon hutun makaranta na Yuli da Agusta domin ya tafi da iyali zai tarar da Cape Town cikin sanyi da ruwan sama, Gambiya cikin damina, Zanzibar ita ce a shirye. Cape Town ta fi daɗi daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu, lokacin da iska ta fara lafawa kuma ruwan saman lokacin sanyi bai kankama ba, wanda ya yi daidai da lokacin da zafin Kano yake hana hawa bayan ƙarfe tara. Sai kuma a duba azumi, domin a shekarun 2025 zuwa 2027 Ramadan yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, har tseren 2025 ya zo a cikinsa, don haka mai son Cape Town ya fi kyau ya nufi bayan ƙaramar Sallah. A Zanzibar kuma ba a cin abinci a fili da rana a cikin Ramadan, ko da mutum matafiyi ne.

Maganar takardu tana iya rushe duk wannan lissafi. Afirka ta Kudu tana bukatar biza, ana nema ta cibiyoyin karɓar takardu a Abuja ko Legas, da shaidar masauki da bayanan asusun banki, kuma ba abin da ake bari sai saura mako biyu ba ne. Tanzaniya ta fi ba mutane mamaki, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, wadda takan ɗauki makonni. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne, kuma ba a wasa da shi: a watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi a kan wannan kati. Game da jirgi, Ethiopian Airlines yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, daga can akwai jirage zuwa Zanzibar da Cape Town, abin da yake nufin keke a cikin akwatinsa zai iya tafiya a hannun kamfani ɗaya. Banjul, duk da kusancinta a taswira, sai an bi ta Legas ko Abuja an canza jirgi, wani lokaci fiye da sau ɗaya, kuma kowane canji wata dama ce ta akwatin keke ya makale ko ya bugu.

Wannan ya kawo tambayar ko a tafi da keke ko a yi haya. A Cape Town ba a bukatar ɗaukar keke, domin akwai shagunan da suke ba da hayar keken tsere mai kyau daidai tsawon mutum, sai dai a tafi da takalmi da feda da hular kwano, a kuma nemi wanda yake da giya mai sauƙi ta hawan tudu, tunda yawancin kekunanmu an haɗa su ne domin shimfiɗaɗɗiyar hanya. A Zanzibar da Gambiya abin da aka fi samu haya shi ne keken daji mai kaurin taya, wanda zai yi kilomita 70 amma da jan jiki. Mai son hawan titi na sosai sai ya tafi da nasa, da taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32, da tiyub aƙalla uku da famfonsa, domin mai facin ƙauye a can, kamar na nan, ba lallai ya samu tiyub ɗin da ya dace da wannan taya ba, kuma famfonsa ba ya kama siririn bakin tiyub ɗin keken tsere. Duk wanda ya karɓi keken haya ya gwada birki kafin ya hau, ya san wane hannu ne yake riƙe tayar gaba, domin ba kowace ƙasa take haɗa su iri ɗaya ba, kuma gangarar Smitswinkel ba wurin gano hakan ba ne. Tuƙin hagu a Cape Town da Zanzibar yana bukatar kwana ɗaya na sabawa a ƙananan tituna, musamman a shataletale da lokacin fitowa daga kwana, inda ido yake duba ɓangaren da ya saba ba wanda mota take tahowa ba.

Game da ibada da abinci a Cape Town, kada a ɗauka baƙon Musulmi zai takura. Birnin yana da tsohuwar al'ummar Musulmi, masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap an kafa shi tun 1794, akwai masallaci a Simon's Town a kan hanyar zagayen kanta, kuma gidajen abinci na halal suna da yawa. Abin lura shi ne tsawon yini, domin a Disamba rana tana fitowa wajen biyar da rabi ta faɗi kusan ƙarfe takwas, alfijir kuma yana ketowa tun kafin ƙarfe huɗu, wanda yake rikita barcin wanda ya saba da lokutan Kano. Zazzaɓin cizon sauro babu shi a Cape Town, amma yana nan a Gambiya da Zanzibar. Ta fuskar kuɗi, abinci da masauki na talaka sun fi sauƙi a Gambiya, Zanzibar tana da araha a ƙauye da tsada a otal ɗin bakin ruwa, Cape Town kuma tana cin kuɗi wajen zirga-zirga, tunda Fish Hoek tana da nisan kusan kilomita 30 daga tsakiyar gari, gara ma a sauka a can tun farko.

Hukuncina shi ne, idan keken shi ne dalilin tafiyar, ba wani abu da aka haɗa da hutu ba, to zagayen kudancin Cape Town ya fi sauran nesa ba kusa ba, kuma ya cancanci wahalar biza, da sharaɗin a je a Afrilu, a bi ayari, a bar cikakken zagayen kilomita 109 sai wata shekara. Idan da iyali za a tafi, uwargida da yara suna bakin ruwa maigida yana fita da safe ya dawo kafin hantsi ya yi nisa, Zanzibar a Yuli ko Agusta ta fi dacewa, matuƙar an fara neman biza watanni biyu ko uku kafin lokacin. Gambiya ita ce ta wanda zai fita karon farko, ko ayarin abokai da ba kowa zai samu biza ba, ko wanda Disamba kaɗai yake da ita. Kuma kowannensu ana iya gwada shi daga gida kafin a sayi tikiti. Mai nufin Zanzibar ya yi kilomita 70 a wata safiyar Agusta bayan an kwana ana ruwa, lokacin da iskar Kano take da nauyi, ya lura da yawan ruwan da ya sha. Mai nufin Gambiya ya nufi Gezawa da hunturu bayan ya riga ya gaji, iska tana gabansa. Mai nufin Cape Town kuwa ya ɗauki kekensa ya yi ƙarshen mako biyu ko uku a Jos, ya koyi zama a kan giya mai sauƙi na minti goma sha biyar ba tare da ya miƙe tsaye ba, ya koyi sauka gangara yana taɓa birki biyu a hankali kafin kwana ba a tsakiyarta ba. Idan a hawa na uku na yini ɗaya har yanzu yana iya magana da na kusa da shi, Smitswinkel da Chapman's Peak ba za su gagare shi ba.